Inda Ruwa Ya Kai wa Najiba

Sana'ata haɗa jirgin ruwa, a bakin kogin Kwara, kusa da Lolo. Ita ubana ya yi. Jirgin da na haɗa bai taɓa kifewa da mutum saboda laifin katako ba. Har masuntan ƙetare, mutanen Benin, wurina suke zuwa. Sunana Ɗanmaliki. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Najiba ce autata. Ita ta yi karatu, tana koyar da yara a wata firamare a Bagudo. Sai ƙafarta ta dama ta fara ja. Daga baya ido ɗaya ya dushe, ya dawo. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, aka sa ta cikin wata na'ura. Likita ya ce jikinta ne da kansa yake cinye rigar jijiyoyinta. Ciwon yakan taso, yakan lafa. Magani yana rage masa ƙarfi, amma ba ya raba mutum da shi. Ita tana kiransa MS. Ni ban taɓa kiran sunansa ba.

Ranar da ta dawo gidana da sanda a hannu, na kafa doka. Ba a maganar ciwo a gidan nan. Allah Ya san da shi, ya isa. Uwarta Gaji ta bi. Ita ma ta bi.

Rumfar aikina tana jikin gida. Can take wuni, saboda iskar kogi. Zafi yana kashe mata jiki. Wata rana na ga ta jawo guntun katako da ragowar fentin jirgi, tana shafe-shafe. Ban hana ba. Guntun katako wuta yake tafiya dama.

Ta fara da kifi, da malafar Gaji. Sai ta koma zana abu ɗaya. Mace tsaye a cikin kogi. Ta yi ta da baƙi da ja, ruwan kuma shuɗi. A katakon farko ruwan yana idon sawu. Ta jingine shi jikin zana.

A mashiginmu, inda jirage suke tsayawa, akwai turke, tun na kakanni. Duk shekara idan ruwa ya gama cika, dattijo yakan je ya sari turken daidai inda ya tsaya. Yanzu ni nake saran. Abu ɗaya aka gargaɗe mu da shi tun muna yara: ba a saran turke gaba da ruwa. Wanda ya sa alama inda ruwa bai kai ba, ya kira shi. Ina yaro wani ya yi haka da wasa. A shekarar aka kwashe kaya a jirgi daga cikin ɗakuna.

Katako na biyu, ruwa a ƙwauri. Na uku, a gwiwa. A wannan makon na ga Najiba ta daina taka ƙafar hagu yadda take yi. Na tsaya da guduma a hannu ina kallon katakan a jere.

Na tsamo gawa daga kogin nan ba sau ɗaya ba. Na san yadda yake yi. Ruwa a gwiwa, mutum yana tafiya. A ƙugu, yana fama. Idan ya kai ƙirji, ƙafa ba taka ba ce kuma, kogi ya ɗauke ta.

Da na ga na huɗu, ruwa a ƙugu, ban iya cin tuwo ba. Ɗiyata tana saran turke a jikinta, kuma da fentina.

Washegari da sassafe Cindo ya kawo jirginsa a toshe masa huda. Cindo taubashina ne, masunci, bakinsa ba ya hutawa. Na toshe hudar. Sannan na ɗauko gwangwanin shuɗin, na shafe jirgin tun daga kai har gindi.

"Kai, tsohon banza, mi kake yi?" in ji shi. "Huda nac ce ka toshe, ba ka yi wa jirgi kwalliyar amarya ba."

"Kyauta ce."

"Kai da kyauta? Kai da ko ƙusa ta lanƙwashe sai ka miƙe ta ka ɓoye? Lalle mutuwarka ta kusa. Ka bar mani gudumar nan cikin wasiyya."

"Ɗauki jirginka ka tahi."

Ya dube ni, dariyar ta tsaya. "Lahiya dai? Ya jikin ɗiyar tamu?"

"Da godiya," na ce. Na jefa gwangwanin ƙarƙashin wani tsohon jirgi da ke kife.

Da hantsi Najiba ta fito tana dogara sanda. Ta zauna, ta jawo sabon katako, ta duba gwangwanaye.

"Baba, ina shuɗin?"

"Ya ƙare."

"Jiya fa rabi ne."

"Ya ƙare."

"In an ci kasuwar Lolo a sawo mani?"

"Can ma ya ƙare."

Ta kalli hannuwana. Shuɗi ne har wuyan hannu. Ta ajiye burushi, ta koma ɗaki.

Kwanakin farko na ji sauƙi. Katakai huɗu a jikin zana, ruwa ya tsaya a ƙugu. Ina wucewa ina dubawa kamar yadda nake duba turke. Na ce a raina na tare shi.

Amma ta daina fitowa rumfa. Abinci yana dawowa yadda aka kai shi. Idan na gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta ce lafiya lau, kamar yadda na koya wa gidan. Muryar ce ta canja. Tana yanke magana a tsakiya tana neman numfashi. Gaji ta fara bina da ido.

"Malam, ka sawo mata abin nan."

"Ba ki san komi ba."

"Na dai san ɗiyata."

Ran wata Talata, rana ta ɗaga, ina fafe katako, na ji ihun Gaji. Ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Najiba tana zaune a kan tabarma, ta riƙe haƙarƙarinta da hannu biyu, tana jan numfashi guntu-guntu. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali.

Cindo yana mashigi, ya ji ihun ya shigo. Ya kalla sau ɗaya, ya ce bari ya nemo mota. Ya fita da gudu, tsoho da shi.

"Baba," in ji Najiba. "Katako."

"Ki yi salati."

"Na yi. Katako, da shuɗi."

"A'a."

"Don mi?"

Ban saba a tambaye ni dalili a gidana ba. Amma bakina ya buɗe.

"Ba a saran turke gaba da ruwa. Ke kin sani. Kin sa shi a gwiwa, yaz zo gwiwa. Kin sa shi a ƙugu. In kin sa shi a ƙirji, ni zan haƙa kabarinki. Ba da fentina ba."

Ta dube ni. Ta yi kamar za ta yi dariya, ciwon ya hana ta.

"Baba, yaushe na taɓa riga shi? Sai ya kai nike zanawa." Ta huta. "Ranar da ka shahe jirgin Baba Cindo, ya riga ya kai nan." Ta nuna ƙarƙashin ƙirjinta. "Kamar an ɗaure ni da igiyar jirgi ana ja. Shi na hito in zana."

"Ba ki hwaɗi ba."

"Ka hana a hwaɗi da baki. Na koma katako. Ka ɗauke shi ma."

Gaji ta rufe fuska da gefen zane. Ni na tsaya. Ashe duk kwanakin nan da nake duba katakai ina cewa ruwa ya tsaya, yana can yana hawa a ɗakin da ke bayana. Idona kawai na rufe.

"Wannan matsewar," na ce, "tana kisa?"

Karo na farko ke nan da na tambayi wani abu a kan ciwon.

"Likita ya ce takan zo, takan saki. Amma ya ce in ta zo a komo da wuri. Mun makara da yawa."

Na fita. Na durƙusa na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin tsohon jirgi. Ɗan abin da ya rage a gindi ya yi kauri. Na zuba kananzir, na dama da tsinke. Garin sauri, rabi ya zube a ƙafata. Na zaɓi katako mai kyau, ba guntu ba, daga wanda na ajiye don jirgin wani Alhaji.

Yatsunta sun ƙi riƙe burushi. Sau biyu yana faɗuwa. Na ɗauko zaren taru, na ɗaure mata shi a hannu da ƙullin da ba ya zamewa. Na durƙusa a gabanta na riƙe katakon.

Ta fara da baƙi. Kai, wuya, kafaɗu. Layin yana karkacewa, ba ta gyara ba. Ta sa ja. Sannan ta tsoma a shuɗi.

Ta fara daga ƙasa. Sawu. Gwiwa. Ƙugu. Ina bin bakin burushin da ido, ina karanta duk abin da na haddace. Ya wuce cibiya. Na ji kamar in fizge katakon in jefa a kogi. Na san abin da ta gaya mini, na kuma yarda. Amma abin da aka sa maka a ciki tun kana yaro ba ya fita don an yi maka bayani.

"Baba, ka riƙe da kyau, katakon yana motsi. Kai ma MS ɗin ya kama ka ne?"

"Yi aikinki."

Burushin ya kai ƙarƙashin ƙirji. Ta ja layi ɗaya mai kauri, daga gefe zuwa gefe. Ta tsaya. Na jira ya ƙara hawa. Bai hau ba.

"Nan ne?"

"Nan ne. Yau dai."

Ta jingina da bango, ta rufe ido. Numfashin bai saki ba, amma kafaɗunta sun sauka.

"Kai ruwan kaɗai kake kallo," ta ce. "Ka taɓa duba huskarta?"

Ban taɓa ba. Na juyo katakon. Matar ta haɗe gira, ta cije baki, ta ɗaga haɓa, tana kallon ƙetare kamar mai jiran wanda ya ɓata mata lokaci. Ba fuskar mai nutsewa ba ce. Na ga fuskokinsu, na sani.

Gaji ta leƙo ta bayana tana share hawaye. "Wannan ai kai ne, Malam, in an taɓa maka kayan aiki."

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, Cindo yana kwaɗa kira. Muka ɗaga ta, ni da shi. A bakin mota ta riƙe mini riga.

"A taho da katakon. Shi zan nuna wa likita, ba ni da numfashin dogon bayani."

Direba ya ce fenti zai ɓata masa kujera. Na dube shi, ya tada mota. Na zauna a gaba, katakon a kan cinyata, shuɗin bai bushe ba. Hanyar Sakkwato tana da nisa. Duk ramin da muka faɗa sai na waiwaya in ga ko tana numfashi, sannan in duba katakon, kada fentin ya gangaro.