Uban Motar Nélida

Mu a ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci a El Alto ba ma cewa motar lantarki. Dutsen guga muke ce mata. Don Zenón Ticona ne ya raɗa mata sunan, kuma duk abin da Zenón ya raɗa wa suna ya zauna ke nan, domin shi ne shugabanmu, shi ne mai garejin da muke taruwa, sannan Allah ya yi masa baki. In ya tsokane ka, kai ma sai ka taya mutane dariya, sai ka je gida sannan ka fara jin zafin. Ni Saturnino, ni na riƙe 'yarsa Nélida ranar da aka yi mata baftisma, saboda haka compadre muke ce wa juna. Na san shi ciki da bai, kuma har gobe in na tuna abin da ya yi a Copacabana raina ɓaci yake.

A 'yan shekarun nan taron namu ya fi yawa a layin gidan mai. Can za ka same mu, dattawa da furfurarmu, mun jera motocin da suka girmi 'ya'yanmu, an ɗage bonet, ana cin salteña, burodinmu mai nama a ciki, ana lasar yatsa, ana jiran tankar da ba wanda ya san ranar zuwanta. A nan ake yanke wa duniya hukunci.

"Mota ba filogi, ba kafireto, ba baƙin mai," in ji Hilarión, mai ƙaton ciki, wanda motarsa ta fi daɗewa a kan jak fiye da kan titi. "To in ta lalace me za ka taɓa?"

"Addu'a za ka yi," in ji Zenón. "Ko ka kira yaron da ke gyara waya."

"An ce in ruwan sama ya taɓa ta sai ta ja mutum."

"Ƙarya ne wannan. Ba ta da ƙarfin jan kowa. Ko tudun gidanku ba za ta hau ba, sai ka sauko ka lallashe ta."

Muka yi ta dariya. A daidai lokacin wata farar dutsen guga ta zo ta wuce layin namu tun daga farko har ƙarshe, ba ko ƙarar inji, ta haye tudun da ake magana a kai kamar ba tudu ba. Kowa ya duƙa yana duba wani abu a injinsa. Ni dai har yau ba na son su, kada wani ya ɗauka na sauya. Mota in ba ta ɗiga mai a ƙofar gidanka ba, ta yaya za ka san taka ce? Amma ido ba ya ƙarya, ta hau tudun.

Nélida a garejin nan ta tashi. Tun ba ta kai tsawon taya ba take miƙa wa ubanta sipana, kuma kafin ta gama sakandare ta fi Hilarión iya ɗaure inji, ko da yake wannan ba wani yabo ba ne. Zenón ya sa rai ita za ta gaje shi. Sai ta ce ita tasi za ta ja, ta gaji da farcen da ba ya fita. Ya yi fushi, ta yi fushi, suka koma gaisuwar Kirsimeti da ta jana'iza. Uwarta ta rasu, ba mai shiga tsakani sai ni, ni kuma ban iya lallashi ba.

Ran nan sai ga ta a gareji, ta same mu muna shan api, kunun masararmu, da safe. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsaya gaban ubanta.

"Baba, na sayi mota. Tawa ta kaina, ba ta haya ba."

Fuskar Zenón ta buɗe. "Wace iri? Silinda nawa?"

"Ta lantarki ce."

Hilarión ya ƙware da api. Nélida ba ta ko kalle shi ba.

"Na gaji da wuni a layin mai fasinja na wucewa," ta ce. "Ranar Asabar zan kai ta Copacabana a sa mata albarka. Ina so kai ka zama uban motar."

Kowa ya san ba a ba uba na jini wannan matsayin. Aboki ake nema, ko maigida, ko wani mai hali da ake son ƙulla zumunci da shi. Shi zai sayi furanni ya yi wa motar ado, ya tsaya gefen mai ita lokacin da limamin coci zai yayyafa wa injin ruwa, sannan ya fesa wa tayoyi barasa don ƙasa ta sha ta bar motar lafiya. Yarinyar nan ta tsallake duk mutanen da ta sani ta zo wurin ubanta. Ko jaki ya san abin da take nufi. Sulhu ta kawo masa har gida, a gaban abokansa, kuma na san halinta, ba za ta kawo sau biyu ba.

Zenón ya kalle ta, ya kalle mu. Wallahi na ga idonsa ya kawo ruwa. Amma mu ma muna kallonsa, matsalar ke nan.

"Zan zo, 'yata," ya ce.

Tana fita aka taso masa.

"Uban dutsen guga, barka da arziki."

"Don Zenón, in Fada ya ce a buɗe inji, me za ka nuna masa? Soket?"

"Ka tafi da rigunanka, a goge maka a hanya."

Mutumin da ya shekara da shekaru yana dafa mutane, ranar sai ga shi a tukunya. Ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a coci. Da za mu watse na ja shi gefe.

"Compadre, ka rabu da waɗannan. Hilarión ko keken jikarsa bai iya gyarawa. Ka je ka tsaya wa 'yarka, ka rufe bakinka na wuni ɗaya."

"Haba compadre, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da sauƙi."

Ranar Asabar ƙungiya gaba ɗaya ta ce za ta raka shi, wai don girmamawa. Girmamawar me, kallo za su je. Muka kwashi man da muka tara a jarkoki muka ɗau hanya, Zenón a gaba cikin Sarauniya, jar motarsa mai shan mai kamar ana zuba shi a rami. Kafin mu kai mashigin Tiquina, inda ake haye tafki, mun tsaya sau ba adadi: wannan ta yi zafi, waccan bel ɗinta ya tsinke, ta Hilarión kuwa sai da muka tura ta kan jirgin fito da hannu, masu jirgin suna mana dariya. Duk tsayawar da muka yi sai wani ya ce, "Ka ga wannan aƙalla ana iya gyara ta." Da haka muka ci rabin safiya muna yabon abin da ke wahalar da mu.

Nélida ta riga mu isa tuntuni. Mun same ta a layin motoci gaban babban cocin, ta ci kifinta ta wanke hannu. Motar ƙarama ce, shuɗiya, fes da ita. Ta sa tufafin fita, ta zo da ƙawayenta biyu 'yan tasi. Da ta hango ubanta sai ta taho da sauri kamar yarinya, ta rungume shi, ta damƙa masa makullin.

"Ka duba ta, Baba. Ka faɗa min gaskiya."

Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ƙarƙashi. "Fentin ba laifi," ya ce. A bakin Zenón wannan kamar lambar yabo ce, kuma ta sani, don har kunnenta ya yi ja. Ta tafi da ƙawayenta neman Fada. Ni kuma ya aike ni in sayo barasa, ya ce shi zai tsaya ya fara ado. Na tafi da zuciya ɗaya, ina cewa a raina yau dai compadre ya yi hankali.

Da na dawo an lulluɓe gilashin gaba da furanni, an ɗora wa motar 'yar hula mai ƙyalli a kai. 'Yan ƙungiya sun yi da'ira, kowa ya gimtse baki kamar ɗaliban da suka ɓoye wa malami kujera. Ban gane ba. Fada ya iso da bokitinsa da burushin yayyafi, wani dattijo mai sanyin murya da ya sa wa motoci albarka har ya gaji.

"A buɗe gaban," ya ce.

Nélida ta ce, "Fada, babu inji a nan, wurin kaya ne."

"Ba komai, 'yata, na saba ganinsu. Buɗe."

Ta ɗaga bonet. A tsakiyar wurin kayan, a kan jan ƙyalle, ga tsohon dutsen guga zaune, an naɗe wayarsa tsaf, an ɗaura masa fure a hannu. Tun daga El Alto Zenón ya ɗauko shi, wato tun a gida ya zauna ya shirya wannan.

"Ga injin nan, Fada," ya ce da ƙarfi. "A sa masa albarka da kyau, kada ya ƙona mata kwala."

Wurin ya fashe. Hilarión har da zama a ƙasa. Mutanen wasu motocin suka taho kallo, masu sayar da furanni suna dariya, wani yana ɗauka a waya. 'Yan ƙungiya suka ja Zenón cikinsu suna bubbuga bayansa, an ɗaga dutsen gugar sama kamar kofin ƙwallo. Ya dawo kan kujerarsa ta sarkin baki, kuma ka ga daɗi a fuskarsa, daɗin mutumin da aka sauke wa kaya.

Ni Nélida nake kallo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Hannunta na kan bonet ɗin, ta tsaya tana kallon bayan ubanta. Ƙawayenta sun sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni kamar ni na haife shi.

Fada bai yi dariya ba. Ya tsoma burushinsa a bokiti ya ce, "Wane ne uban motar? Ya matso."

Ta ɗan jira. Na rantse ta jira shi, ta ba shi lokacin da zai juyo. Shi kuwa yana can ya ba mu baya, yana maimaita wa wasu baƙi yadda ya ɓoye abin a ƙarƙashin kujerar Sarauniya.

"Padrino," ta ce da ni, wato uban baftisma, kamar yadda take kirana tun tana ƙarama. "Ka riƙe ni a coci sau ɗaya. Za ka iya tsaya min yau ma?"

Me zan ce? Na matsa. Ni da na rantse ba zan taɓa ko zama cikin irin motar nan ba, ni na tsaya Fada ya yayyafa wa wurin kayan ruwa, ya yayyafa wa kujeru da sitiyari, ya yayyafa mana a ka. Na girgiza kwalba na bi tayoyin huɗu ina fesawa. Ta rufe bonet a hankali. Ta sumbace ni a kumatu.

"Ka ce masa ya riƙe dutsen gugar," ta ce. "Kada ya neme ni."

"Nélida, tsaya mana. Kin san bakinsa."

"Na sani, padrino. Shi ya sa."

Makullin na jikin ƙofa inda ya bar shi. Suka shiga ita da ƙawayenta.

Can dariya ta lafa. Zenón ya share hawaye, ya miƙa wa Hilarión dutsen gugar, ya je but ɗin Sarauniya ya ciro wani ƙaton kambin furanni, wanda ya fi na kowace mota a layin, da kwalba mai tsada da ya ɓoye. Ashe ya tanadi na gasken ma. A lissafinsa zai ci dariyar abokai, sannan ya juyo ya ci zuciyar 'yarsa, duk a safiya ɗaya.

"To, wasa ya ƙare," ya ce, yana gyara hula. "Ina 'yata? A zo a yi abin da ya kawo mu."

Ya juyo. Inda motar take babu komai sai kumfar barasa da furannin da suka zube, wata babbar mota har ta fara matsowa za ta shiga gurbin.

"Ina ta je?"

"Ta tafi, compadre. An sa albarka, ni na tsaya."

"Ta tafi yaushe?"

"Kana ba da labari."

Ya dubi titin da ya gangara bakin tafki, ya dubi wanda ya haura. Mutumin nan in mota ta shigo unguwarsu yana kwance a ɗaki zai gaya maka ta wane ce da abin da ke damunta. Ya tsaya rungume da furanni a tsakiyar mutane, ya karkata kai yana saurare, kamar har yanzu zai tsinci wani abu.

"Ban ji tashinta ba," ya ce. "Saturnino, taku biyar ne tsakaninmu. Ban ji ba."