Notin Tayar Baya

Karo na uku ke nan Rilwanu yana ɗora sifana a kan notin tayar baya da sassafe ya ji ya juya ba gardama. Shi da kansa ya ɗaure shi jiya, har da taka sifanar da ƙafa. Tarakta kuwa ba keke ba ce. In taya ta fice a gangaren gonar nan ta Yangoji, direba sai dai a kwaso shi.

Rilwanu mutum ne da ko tari ka yi kusa da shi sai ya nemi dalili. Ya ɗaga kai, ya hango Thaddeus maigadi a bakin rumfa yana cin rogo hankali kwance. Kowa ya san ƙanen Thaddeus ya daɗe yana zawarcin aikin tuƙin nan.

"Maigadi, wa ke taɓa mini mota?"

"Ni ban taɓa shi ba, direba. Ka tambayi Allah."

Rilwanu dai bai tambayi Allah ba, Hajiya Lubna mai gonar ya je ya samu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya dai jera mata maganganun yadda za su zauna daidai. Kafin azahar an sallami Thaddeus, ya ɗaure kayansa na shekara bakwai a buhu guda, ya fita ko waige babu.

Washegari Rilwanu ya ɗaure notunan tam, ya yini yana huɗa, babu mahalukin da ya matso kusa. Da la'asar ya sauko, ya gwada sifana don ya ji daɗin nasararsa. Biyu suka juya.

Ya kira Edward bakanike a waya.

"Ba sabon wili muka sa maka ba?" in ji Edward. "Fenti ne ke cinyewa a ƙarƙashin noti. Kullum ka sake ɗaurewa har ya zauna. Ai na faɗa maka, ka ce ba ni zan koya maka tarakta ba."

Kunya ta rufe shi, ya tsuguna yana ɗaurewa. Yana kan na ƙarshe motar Hajiya ta tsaya, ta sauke gilashi.

"Malam Rilwanu, yaya taya yanzu?"

Ya goge hannu a wando, idonsa a ƙasa.

"Ba ta ƙara kwancewa ba, Hajiya."