Notuna Huɗu Marasa Tsatsa

Kwana shida ke nan injin hura iska na masana'antar yana kashe kansa, kullum bayan sha biyun rana. Dogo ne ya sake naɗa wayar motonsa wata guda da ya wuce, don haka ido ya koma kansa.

"Wutar amfiya talatin aka rubuta a jikinsa, ga shi yana shan arba'in," in ji Manaja. "Anya ba siririyar waya ka lafta mana ba? In ya sake gobe, ba kai kaɗai ne mai gyara a gari ba."

Dogo ya ɗauko mitar auna wuta. Ya auna layukan wutar uku, daidai suke. Bel bai yi tsauri ba, boris bai ɗau zafi ba. Da safe mita ba ta wuce ashirin da takwas. Waya mara kyau kuwa ba ta duba agogo.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne surukinsa, tsohon da ke kula da injin, wanda ya samo masa aikin. Rana na take tsaka sai ya ce, "Ɗana, je ka ci abinci, ƙarfe ba ya gudu." Mutumin da bai taɓa tambayarsa ko ya karya ba.

A rana ta bakwai Dogo ya ce to, ya fita, ya zagayo ta baya yana bin bututun iskar da ido. Ya san halin irin wannan fanka: ba toshewa ke wahalar da ita ba, samun ƙofa ne. Iska ta ƙaru, moto ya ƙara jan wuta.

A ɗakin ɗinke buhuna, wanda ba shi da taga, ya tarar da murfin bututun a buɗe. Duk notunan bututun sun yi tsatsa, ban da huɗu na murfin. Mata bakwai na ɗinki, iska na kaɗa mayafansu. Tsohon na tsaye da sifana a hannu.

"Baba."

"Wancan makon ɗaya ta suma a nan," in ji tsohon, bai dube shi ba. "Ni ina na san iska na cin wuta?"

Dogo ya karɓi sifanar ya mayar da murfin. Matan suka bi shi da harara.

A ofis ya ce, "Motona lafiya lau. Murfi ne ke sakin kansa."

"Da kansa? Kullum sha biyu?"

"Zafin ɗakin ɗinkin ne, ranka ya daɗe. In ba a sa fanka a can ba, zai ci gaba."

Manaja ya daɗe yana kallonsa, sannan ya leƙa ta taga inda tsohon ke goge injin da ba ya buƙatar guga.

"Murfi mai wayo," ya ce. "Fankar kai za ka haɗa ta. Yau."

Washegari da rana mita ta tsaya a ashirin da takwas. Babu wanda ya ce wa Dogo ya je ya ci abinci.