Littafin Abdulmalik a Damtsen 'Yan Kabu-kabu

Mijina Abdulmalik malamin lissafi ne a sakandare nan Illela. Shekara tara yana cika wani baƙin littafi da ɗige-ɗige. Ni iyakata aji huɗu, amma ya taɓa nuna mini da ƙwayar wake a kan faifai. Ya jera guda goma kamar siffar ƙwai, ya ce sharaɗin kada uku su hau layi ɗaya. Abin da yake nema, hanya nawa za a musanya musu wuri tsarin bai lalace ba. Ana saura mako ya rasu ya ce ya samo amsar, in miƙa littafin ga Dakta Mahbuba, malamarsa ta jami'a a Sakkwato.

Ina cikin takaba, ba fita. Wansa Lawwali ya karɓi littafin, wai zai kai.

Ran addu'ar arba'in sai ga Dakta da kanta. Bayan gaisuwa ta tambayi littafin. Na aika aka kira Lawwali. Ya shigo da bangon littafin da 'yan shafuka a hannu, ko kunya babu.

"Yaya, ina sauran?"

"Ke Sadiya, mi kika sani? Hatimi ne! Gidaje-gidaje da lambobi, ga da'ira. Marigayi ɓoye muna asiri ya yi."

Ashe yage shafukan ya yi ɗaya-ɗaya, baduku ya ɗinke su layu, ya raba wa 'yan kabu-kabun da ke ƙetarawa Ƙonni, wai jami'an iyaka ba za su gan su ba.

"Kuma yana ci," in ji shi. "Sahabi ɗan kabu-kabu sau shida yana wucewa, ko kallo nai ba a yi ba."

Dakta ta duba abin da ya rage, ta ce shafin ƙarshe take so, can amsar take.

Lawwali ya yi murmushi ya naɗe hannun riga. "Wannan ai ni na riƙe ma kaina. Shi ya fi ƙarfi."

Na fizge layar daga damtsensa, na sa reza na farke. Wari ya bugo ni, na zufar wata guda da fatar akuya. Takardar ta jiƙe ta manne, tawadar ta zama shuɗin tabo. Dakta ta ɗaga ta a rana, ta juya, ta ajiye a hankali.

Lawwali ya ce, "To yanzu wa zai ɗinke mini?"

Na tashi na wanke hannuna da toka har sau uku.