Katangar Baban Kumatu Ta Ƙi Mai Ita

Kumatu ta yi tafiya! Wallahi da ƙafafunta, ba riƙe kujera, ba riƙe zanina. Bari dai in faro muku daga farko, don ni in ina murna labari tsinke mini yake.

Kumatu 'yata ce ta fari. Babanta ne ya laƙa mata sunan, don fuskar duk kumatu ce. Shi aikin kwamfuta yake, kamfaninsu ya tura shi wani gari mai nisa, wai za su kwashe ayyukan wata ma'aikata su mayar kilawud. Na ce mene ne kuma kilawud, ya ce manyan kwamfutocin wasu ne da ake haya daga nesa. Rabonsa a aikin shi ne katangar tsaro, su fayawol suke ce mata. Ita ke tsaye a ƙofa tana duba wa zai shiga, wa zai fita.

To ɗakin da suke aiki ba a shiga da waya, a bakin ƙofa ake ajiyewa. Kuma mutumin nan bai yarda a tura hoton 'yarsa ta waya ba, ko Yayata ce. Sai ya buɗe mana ɗan shafi namu mu biyu, ya kewaye shi da 'yar katanga irin ta wurin aikinsa. Ya ce kowane wuri da adireshin da yake fita intanet da shi, IP suke cewa, kamar lambar gida. Katangarmu adireshi biyu kawai ta sani: na gidanmu, wanda ya sa aka tsayar mana ba ya canjawa, da na ofishin da yake.

Kullum da hantsi nakan ɗauki Kumatu bidiyo in ɗora ta tsohuwar kwamfutarsa da ke teburin falo. In sun sami hutun rana sai ya kalla a kwamfutar aiki, ya rubuta wani abu a ƙasa. "Wa ya sa mata wannan hula kamar mai gadi?" Irin haka dai. Abin da nake jira ke nan duk yini. Maƙwabtanmu ma'aikata ne, da safe sai ki ji ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan sai ni da ƙarar firji.

Ranar ina zaune a ƙasa ina ninkin wanki. Ta miƙe jikin kujera yadda ta saba, na ɗauki waya ina ɗaukarta bidiyon ranar. Kawai sai ta saki kujerar, ta ware hannuwa kamar mai tsallake kwata, ta taho, ta taho, ta faɗo cikin kwandon wanki. Na ƙwala ihu har ta tsorata ta fashe da kuka. Na sure ta ina rawa, na juya in gaya wa wani, babu kowa sai labule.

Na ɗora bidiyon, na ƙudurta a raina ba wanda zai ji kafin babanta ya gani da idonsa. Da ta yi haƙori ba ya nan, da ta fara rarrafe ba ya nan. Wannan dai shi ne na farko.

La'asar ta yi, ba rubutu. Washegari ma haka. Da yamma yakan kira, murya duk gajiya, "Ya kuke? Ya mutuniyar?" Ni kuma, "Lafiya lau," labarin na cina kamar in fashe. Ina jira ya ce ya gani, shiru. Yaya ta kira, na ce ba wani labari. Mai shagon ƙasanmu ta gan mu a matakala ta ce, "Ke wannan 'yar lukutar taki har yanzu ba ta taka ba?" Na ce, "Da saura, Inna." Na wuce ina cije leɓe.

Har na fara tunanin banza. Ko ya daina buɗewa ne? Ko mun zama hoton bango, an san yana nan amma ba a kallo? Kumatu kuwa ba ruwanta, sai sintiri take daga kujera zuwa ƙofa, ta durƙusa tana bubbuga takalmin babanta da ya bari a wurin.

Ran da haƙurina ya ƙare na ce, "Baban Kumatu, wai ka daina duba shafinmu ne?"

Ya ce, "Maman Kumatu, kar ki yi dariya."

"Ban yi alkawari ba."

"Katangar ce ta hana ni shiga."

"Wace katangar?"

"Tamu."

"Wadda ka gina da hannunka?"

Ashe a wurin aikin adireshi ɗaya ya yi wa babbar katangar kaɗan. Mutane sun yi yawa, kowa na son fita ta ƙofa ɗaya, abubuwa na ta yankewa. Shi da kansa ya ƙara mata sababbi. Ya bi duk abokan hulɗar ma'aikatar ya ba su sababbin lambobin don kar su rufe musu ƙofa, ya manta da 'yar katangar gidansa. Yanzu in ya buɗe kwamfuta, babbar ce ke zaɓar adireshin da za ta fitar da shi, ta fitar da shi da sabo, tamu kuma ta ce ba ta san wannan baƙo ba.

"Kullum gwadawa nake ko zan dace da tsohon," in ji shi. "Kunya ta hana ni faɗa."

Na yi dariya har da hawaye, ban ma san na dariya ne ko na kuka ba. Na ce, "Injiniya guda, mai gadinka ya kore ka daga gidanka!"

"Na ji. Daga gida kawai ake iya gyarawa. Kunna kwamfutar."

Na zauna, Kumatu a cinyata tana son danna komai. Yana karanto lambobi ina bugawa da yatsa ɗaya.

"Malam, a hankali, ni ban yi makarantarku ba."

"Ai kin fi ni, ke an bar ki kin shiga."

Muna tsaka ta kai wa madannan duka da tafin hannu, sai da muka sake daga farko. Da na danna inda ya ce, ya ce sai gobe in ya shiga ofis zai sani ko ta yi.

"Akwai wani abu ne a ciki?"

"Hula ce kawai," na ce.

Washegari tun kafin azahar na ja kujera gaban teburin. Kumatu ta yi barci a bayana, ban sauke ta ba. Ina ta kallon ƙasan bidiyon, fari fat. Can sai rubutu ya fito: "Ta taho." Na jira, na jira. Sai wani ya biyo: "Kar ki ɗauke takalman nan daga bakin ƙofa."

Aikin nasu bai ƙare ba, bai san ranar dawowa ba. Amma ya gani, yanzu bakina ya buɗe. Na kira Yaya, wayarta a kashe. Na sauka shago da gudu, Inna ta rufe ta tafi sarin kaya. Shi ne na dawo na zauna nake rubuta muku. Ga ta can ta farka, ta ɗauki takalmi ɗaya da hannu biyu, tana kawo mini.