Minti Uku Babu Rusunawa

Shekara talatin da tara Okudaira Shigeo ya yi a ofishin karɓar ƙorafi na wani babban kanti a birnin Sendai, kuma duk tsawon shekarun nan aikinsa guda ne, ya ba da haƙuri kan laifin da ba shi ya yi ba. In tukunya ta tsage, shi zai rusuna. In takalmi ya matse wata mata, shi zai rusuna. Ya ƙware har sabbin ma'aikata ake turowa su kalli yadda yake lanƙwasa baya. Da ya yi ritaya aka ba shi furanni aka ce ya je ya huta, sai dai ba wanda ya sanar da bayan nasa.

Wata uku da zamansa a gida, 'yarsa Rie ta zo ta tarar da shi yana ba injin wanki haƙuri don ya cika masa kaya. Sati na zagayowa ta kawo masa jan kwikwiyo mai naɗaɗɗiyar jela, aka sa masa suna Konbu. Okudaira ya so karen nan so na gaske. A duk rayuwarsa shi ne mai rai na farko da ya taɓa nufo shi da gudu ba tare da ƙorafi a baki ba.

Shekara biyu ana zaman lafiya, sai wata Talata Konbu ya ga dama ya gaida Hasebe-san a ƙofar shiga, gaisuwa ta ƙafa biyu a ƙirji. Hasebe-san ("san" ɗin na girmamawa ne) ita ce shugabar kwamitin mazauna benen da su Okudaira suke zaune, mace ce mai duba buhun sharar mutane da safe don ta ga wa ya haɗa kwalba da takarda. Ta zauna daɓas, awarar da ta sayo ta watse a ƙasa, Konbu ya taimaka da shara.

Washegari takarda ta bayyana a allon sanarwa. Ba a kama suna ba, ai mu mutane ne masu kunya. An dai ce "wani kare a hawa na huɗu", a benen da kare ɗaya ne tal. A taron Lahadin ƙarshen wata, wannan kare zai zauna minti uku a gaban kwamiti, babu igiya, mai shi yana nesa da taku goma. In ya motsa, zai bar gidan. Inda Rie take haya ko kyanwa ba a yarda da ita ba, don haka barin gida na nufin miƙa Konbu ga baƙi, kuma Okudaira ya san haka.

Ya aro littafi a laburare, ya sayo busassun ƙananan kifi, ya kafa makaranta a kan tabarmar falo. "Zauna. Jira." Daƙiƙa uku, kifi. Daƙiƙa biyar, kifi. Ya ja baya taku ɗaya, ya dawo, ya ja biyu. Duk lokacin da aka kammala, sai ya haɗa ƙafafu ya rusuna wa ɗalibinsa ya ce, "Sannu da aiki," Konbu ya taso ya karɓi ladansa. Littafin bai ce a yi haka ba, amma Okudaira ba ya cikin mutanen da za a yi wa aiki su tsaya ƙerere. A sati na biyu Konbu yana yin minti biyar a falo ko kunne bai kaɗa ba.

A waje kuwa abin sai ya zama wasan yara. A filin da ke gaban bene Konbu zai zauna daram, sai matar hawa na biyu ta wuce da keke, ya taso. Mai kawo wasiƙu ya wuce, ya taso. Amma kyanwa ta gilma a gaban hancinsa bai kula ba, yara suka buga ƙwallo ta wuce ta gefensa bai ko waiwaya ba. Okudaira ya rasa gane kan abin. Ya canja kifi, ya canja fili, ya canja murya. Har ya zauna ya yi wa karen bayanin halin da ake ciki dalla-dalla, Konbu ya saurara da ladabi, ya yi hamma.

Ranar Asabar da hantsi, saura kwana ɗaya, ya zaunar da Konbu a falo sai waya ta yi ƙara. Daga wurin likitan haƙori ne, ana tuna masa ranar zuwa. "E, na gode ƙwarai. Ku yi haƙuri da ɗawainiya," in ji shi, yana duƙa wa bango. Kafin ya ajiye wayar Konbu yana gindinsa yana jiran kifi.

"Ka gani ko?" ya ce da karen. "Yanzu har a gida?"

Matarsa Tomie tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Sati huɗu ke nan tana kallon makarantar nan ba ta ce uffan ba, abin da a wurinta ya fi ciwon haƙori wuya.

"Baban Rie, mayar da shi ya zauna."

"Ke kuma me kika sani a kan kare?"

"A kan kare ba komai. A kan ka kuwa shekara arba'in nake karatu. Mayar da shi."

Ya mayar. Tomie ta tafa hannu, ta yi tsalle iya na tsohuwa, ta jefa kifi a gaban Konbu. Kare ya haɗiye yawu, bai motsa ba.

"To, gaida firiji."

"Haba, Maman Rie."

"Yau ka fara? Gaida shi."

Okudaira ya duƙa wa firiji kaɗan. Konbu ya taso a guje.

"Ka ga ɗalibinka," in ji ta. "Shi ya iya jira sarai. Kai ne ka koya masa in bayanka ya lanƙwasa an tashi daga makaranta. Kai kuwa ko inuwar mutum ka gani sai ka gaishe ta. Mai keke ta wuce ka duƙa, mai wasiƙu ya wuce ka duƙa, sannan ka zo kana yi wa bawan kare wa'azi."

Okudaira ya zauna a ƙasa. Kunya ta rufe shi, ga tsoro a bayanta, don abin da aka gina a sati huɗu ba ya rushewa a yini ɗaya.

"Yanzu ya za a yi?"

"Ka tsaya a miƙe minti uku."

"A gaban kwamiti? Su gaishe ni in yi musu ƙuri?"

"Ko haka, ko ka ɗaure masa kwanonsa a tsumma ka rusuna masa ta ƙarshe. Wannan kam za ka yi ta da kyau."

Suka yini suna gwaji. Tomie ta zama Hasebe-san, ta tsuke baki ta sunkuyar da kai, bayan Okudaira ya bi ta tun kafin ya sani. Sau goma sha ɗaya suka yi, sau biyu ya ci. Ta ce a zura masa sandar laima a cikin riga, ya ce shi ba shinge ba ne. Konbu yana gefe yana kallon yadda ake horar da mutum, da alama bai ga wani ci gaba ba.

Lahadi da ƙarfe goma mutum bakwai suka jeru a bayan dogon tebur a ɗakin taro, kowa da kofin shayinsa. Hasebe-san ta kawo agogon dafa ƙwai ta ajiye a gabanta. Okudaira ya cire igiya, ya ce, "Zauna. Jira," ya ƙirga taku goma ya juyo.

"To, mun fara. Muna roƙon haɗin kai," in ji Hasebe-san, ta murɗa agogo, ta sunkuya. Mutum shida suka sunkuya tare da ita.

Okudaira ya tsaya a miƙe.

Kawuna bakwai suka ɗago, suka tarar da shi yadda suka bar shi. Wani ya yi gyaran murya. Abin da ya ba Okudaira mamaki shi ne fuskoki: a da in ana fushi da shi takalma yake gani, yau ga idanu. Ya lura Hasebe-san ba shi take kallo ba, Konbu take kallo, ta riƙe kofinta da hannu biyu don kada a ga yana rawa. Ashe matar tsoro take ji. Tausayinta ya kama shi, tausayi kuwa a jikinsa hanya ɗaya ya sani, ta baya. Ya cije.

Minti ɗaya da rabi ya wuce, sai ƙofa ta buɗe. Tsurumi-san ne, dattijon benen, shekara casa'in da ɗaya, wanda ya riga kowa tarewa a nan kuma bai taɓa zuwa taro kan lokaci ba. Ya jawo sandarsa, ya ga Okudaira a tsaye a tsakiyar ɗaki, ya tsaya ya tattara ƙasusuwansa ya rusuna masa.

"Na makara. A gafarce ni."

Tsohon ya ɗago kaɗan ya leƙa, ya ga ba a rama ba, ya ɗauka tasa ce ba ta isa ba, ya ƙara zurfi. Sandar ta soma karkarwa.

"Okudaira-san," in ji Hasebe-san a hankali, "dattijo ne ke gaishe ka."

"Na gani."

"Ko bayanka ne ke ciwo?"

Ga ƙofa an buɗe masa, ƙarya ɗaya ta isa. Amma ya san kansa, in ya ce ciwo ne zai ce a yi haƙuri, in ya ce a yi haƙuri ya tafi ƙasa.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Saura nawa?"

Wata a ƙarshen tebur ta rufe baki da hannu. Tomie ta tashi daga kujerar baya ta kama tsohon ta zaunar da shi, tana ta ba da haƙuri na mutum biyu. Okudaira ya kafe ido a kan Konbu. Karen yana zaune, kunnuwa a sama, ya zuba wa ubangidansa ido yana jiran bayan nan ya ba shi izini, bai san ɗakin nan gaba ɗaya ya gama yanke wa mutumin hukunci ba. Mutuncin da aka tara a shekara talatin da tara yana tafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa, Okudaira yana ji yana gani, bai kai hannu ya tare ba.

Agogon ƙwai ya yi ƙara.

"Minti uku," in ji Hasebe-san, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. "Kare ya cika sharaɗi."

Ba wanda ya motsa. Duk suna jiran abin da ya rage, kuma kowa ya san mene ne. Okudaira ya haɗa ƙafafu, ya jera hannuwa a cinya, ya tafi ƙasa, irin zurfin da ko shugaban kanti bai taɓa samu ba. Konbu ya taho a guje ya cusa kai a ƙirjinsa. Okudaira ya riƙe wuyansa bai ɗago ba, don hawaye sun zo kuma ba ya son a gani.

Da yake karen a gaban tebur ya zauna, rusunawar ta fuskanci kwamiti. Suka dubi zurfinta, suka dubi daɗewarta, suka ga ta biya. Mutum bakwai suka sunkuya, Tsurumi-san ya sunkuya daga kujera. Hasebe-san ta ce da magatakarda ya rubuta cewa Okudaira-san ya ba da haƙuri kuma an karɓa.

Yana jin su. Ya bar su suka rubuta, ya ce a kunnen Konbu, yadda ba wanda zai ji, "Sannu da aiki."