Takardar da Na Ɓoye a Durowar Keken Ɗinki

Mu a gidanmu ba a faɗa wa majiyyaci mugun labari. Haka muka taso, kuma ni ce babba, ni ke riƙe da wannan ɗabi'a kamar gadon uwa.

Da nonon Auta, ƙanwata, ya kumbura ya yi ja, har ya fashe yana fitar da mugunya, likitar mata ta ɗebi 'yar tsoka don gwaji. Ranar karɓar sakamako na hana Auta zuwa, na tafi ni kaɗai. Ma'aikaciyar da ta miƙo mini ambulan ko murmushi ba ta yi ba, ta ce lallai mu kai wa likita. Na ce shi ke nan, ciwon daji ne, me za a je a ji? Ban ko buɗe ba. Na tura shi durowar keken ɗinkina, ƙarƙashin zaruruwa, na ce wa Auta sakamako bai fito ba.

Ni mai wayo, sai na kai ta wani ƙaramin asibiti. Mai tiyatar can ya latsa, ya girgiza kai, ya ce a cire nonon kafin ciwon ya bazu. Ni na lallashe ta ta sa hannu. Bayan an cire, na ɗinka mata ɗan matashi na auduga tana sawa cikin rigar mama.

Ɗinkin tiyatar ya ƙi warkewa, dole muka koma wurin likitar farko, da ambulan a jakata. Ta tambayi inda muka shige wata biyu, ta farke shi, ta karanta. Sannan ta ɗaga rigar Auta. Wallahi sai da ta dafa tebur.

“Wa ya yi wannan? Ba daji ba ne. Wani kumburi ne da ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙwayoyi za ta sha na 'yan watanni, ana rage su sannu a hankali.”

Kunya da tsoro suka rufe ni. Auta ba ta yi kuka ba. Ta kalli ambulan ɗin, da tabon man keke a gefensa.

“Yaya, ranar da na sa hannu, takardar nan tana wurinki?”

Na ce e.

Ta zaro matashin audugar, ta ajiye mini a cinya.